Ginshiƙin Masallacin Zarkale

Ranar da Haji Fazal Wahid ya dawo daga Dubai ya zo shiga masallacin Zarkale, sai goshinsa ya daki katakon ƙofa, ƙwal! Ƙofar gajera ce, kowa a garin ya san sai an sunkuya. Shi ma a garin aka yanke masa cibiya, amma shekarun da ya yi a ƙasar Larabawa sun mantar da wuyansa lanƙwasa. Hularsa ta faɗi cikin takalma. Wasu suka danne dariya, wasu kuwa ba su danne ba, kuma Bakht Rawan masassaƙi yana cikin waɗanda ba su danne ba. Haji ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya bi rufin da kallo, ya ce masallacin nan ya tsufa.

To, ya tsufa mana, wa ya ce bai tsufa ba? Duk kwarin Swat, in ka haura sama inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya da sanyi, irin masallatan da za ka tarar ke nan: bango na dutse da katako, rufin ƙasa, ciki duhu-duhu. Abin da ya bambanta na Zarkale shi ne ginshiƙin da ke tsakiya, wanda rufin duka yake zaune a kansa. Gindin wani ƙaton itacen dutse ne guda, wanda ake kira diyar, mutum biyu ba sa iya rungume shi. Kansa ya baje hagu da dama ya nannaɗe kamar ƙahon rago, jikinsa kuwa daga sama har ƙasa fure ne a kan fure, kowane a buɗe, ganye bisa ganye. Shekaru da hannuwan mutane sun mayar da shi baƙi wuluk yana sheƙi. Mir Dad, kakan Bakht Rawan, shi ya sassaƙa shi.

Masassaƙa a Zarkale ba su da gona. Su ke yi wa masu ƙasa ƙofa da akwatin amarya da garma da makara, in kaka ta yi a auna musu masara a ba su. A wurin biki su ne a ƙarshen tabarma, a taron dattawa ba sa buɗe baki sai an kira su. Ɗan Rawan tilo ma ya gaji da wannan zama, ya tafi Karachi yana tuƙin mota, bai ko san yadda ake riƙe gizago ba. Saboda haka abin da Rawan ya mallaka a duniya, in ka cire matarsa Parwara da akwatin kayan aiki, ginshiƙin nan ne. Baƙo in ya zo gari nan ake fara kai shi, kuma dole a ce, “Aikin kakan wancan ne,” a nuna Rawan. Duk shekara kafin sanyi yakan zo da tsumma da mai ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallaɓa akuya.

Haji Fazal ya zo da hoton abin da yake so a gina: masallacin siminti fari fat, da hasumiya da lasifika da tayil, ƙofa kuwa ko raƙumi ya shiga ba zai sunkuya ba. 'Yan garin da ke aiki a ƙasar Larabawa duk sun yarda za su sa hannu. Samari suka yi na'am. Amma Malak Shamroz, dattijon gari, wanda in ya ce a'a sauran tsofaffi ba sa cewa e, ya kalli hoton sama-sama ya miƙa masa abinsa.

“Ya yi kyau, Fazal. Ka gina shi a gonarka. Wannan kuwa muddin ina numfashi ba mai taɓa shi.”

Haka aka yi ta ja har damina ta wuce. Haji ya yanka raguna ya ciyar da gari, Malak bai motsa ba. Sai Haji ya sake dabara.

Limamin garin saurayi ne, Ƙari Inam, wanda ya yi karatu a birni. Ba mugu ba ne, wallahi, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne mai tsoron Allah da yawan tambaya, kuma Haji ya san inda zai sa masa tambayar. Wata rana bayan azahar liman ya tsayar da Rawan a gindin ginshiƙin, ya sa yatsa a kan fure ɗaya.

“Baba Rawan, wannan furen bado ne, na gan shi a tafkunan ƙasa inda ake zafi. A kwarinmu ba ya tsiro, ko tsofaffi ba su taɓa ganinsa ba. An ce kakanka bai taɓa sauka daga duwatsun nan ba. To ina ya gan shi?”

Rawan ya ce zai yi tunani, ya nemi takalmansa.

Abin da gari ya sani shi ne Mir Dad a mafarki ya ga furen, a cikin lambun Aljanna, ya farka ya kama aiki. Uwaye na ba 'ya'yansu wannan labari. Abin da gidan masassaƙa ya sani kuwa daban ne. A saman garin, bayan gonakin tuffa, akwai kufan Gumbat, inda mutanen da, masu bautar Buda, suka bar tulin gini da duwatsu sassaƙaƙƙu. A jikin wani dutse akwai gunkin nasu a zaune, ƙafa a harɗe, ido a lumshe, kuma abin da yake zaune a kai fure ne. Duk ɗan gidan Mir Dad da hannunsa ya nuna, ubansa kan hau da shi can da ƙullun garin masara a cikin tsumma. A fara yafa wa gunkin mayafi a fuska, a yi bismilla, sannan a danna ƙullun a kan furen a ɗago da siffarsa. A shanya ya bushe, shi ne abin koyi. Ana ɗaukar furen, ana barin fuskar. Haka aka yi wa Rawan, haka aka yi wa ubansa, kuma ba su taɓa jin sun yi saɓo ba.

Da ya gaya wa Parwara, tana tsugune tana gasa burodin masara, ko juyowa ba ta yi ba.

“Ka ce mafarki ne, maigida.”

“In yi wa liman ƙarya?”

“Kakanka ya yi wa gari guda, ga shi yana kwance lafiya lau a kabarinsa. Kai ne waliyyin gidan? Na san bakinka. Ka ce mafarki, ka ja bakinka ka yi shiru.”

Ya yi niyyar ya ce mafarkin, tsakani da Allah ya yi niyya. Amma ranar da aka tara dattawa a ƙarƙashin babbar bishiyar ƙofar masallaci bayan la'asar, aka kira shi daga ƙarshen tabarma, sai ya ga wani abu a gaban Haji an rufe da buhu. Haji ya yaye buhun. Ashe ya aika an fasa dutsen Gumbat an ɓallo gindin gunkin: ga gwiwoyi biyu a harɗe, ga furen a ƙarƙashinsu. Ƙofar masallaci a buɗe take, ana hango ginshiƙin. Mutane suka dubi dutse, suka dubi itace, suka sake duban dutse. Ko makaho ya shafa zai ce uwa ɗaya ta haife su.

“To, masassaƙi,” in ji Haji, yana murza carbi, “ba mu labarin mafarkin. Ko shi ma kafirin nan Aljannar ya leƙa?”

Aka yi dariya. Nan fa zuciya ta ɗebi Rawan, ya manta da matarsa da burodinta.

“Ba mafarki ba ne. Daga can kakana ya ɗauko, ni ma daga can na ɗauko. Ya ɗauki furen ya bar gunkin, sai me? Tun kafin a haifi ubanka furen nan yake cikin masallaci yana jin kiran salla. Ya musulunta tuntuni, Haji. Wallahi ya fi ka halartar jam'i.”

Dariyar da aka yi a wannan karo ta fi ta farko, har Malak Shamroz ya sa gefen mayafi ya rufe baki. Amma dariya ta ƙare, maganar kuwa ta zauna. Masassaƙi ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, cewa kujerar gunki ce ake salla a bayanta.

Aka juya ga liman. Ƙari Inam ya ce shi ba zai iya cewa fure haramun ne ba, don ba shi da rai, kuma masallatan duniya cike suke da zanen fure. Sai dai abin da ya shiga zukatan mutane ya riga ya shiga, kuma mai salla yana bukatar natsuwa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kowa kuwa ya tafi da rabin da ya yi masa daɗi.

Daga ranar sahun da ke bayan ginshiƙin ya fara yin giɓi. Mutumin da ya shekara hamsin yana jingina da shi yana gyangyaɗi, yanzu sai ya kewaye shi kamar mai kewaye kashin kare. Wani ya jefa masa tsohon bargo ya rufe rabinsa. Matan da ke aiko wa Parwara da nono suka ɗauke ƙafa. Duk da haka Malak da tsofaffinsa ba su sauya ba. Malak ma da gangan yake zuwa ya tayar da salla daidai bayan ginshiƙin, in ya idar ya zauna ya zuba masa ido yana jan carbi.

Da Rawan ya yi haƙuri ya bar tsoho da faɗansa! Amma ina, kwana yake yana tashi da abin a ransa, kuma tunanin masassaƙi yake yi. Shi a wurinsa fure ai fata ce, zurfinta bai wuce gaɓar yatsa ba. Itacen shi ne abin ji. Dajin da aka saro irinsa an ƙarar da shi, motocin katako sun kwashe, ba za a ƙara samun diyar mai wannan kauri ba har abada. Fure kuwa yana hannunsa. In an share na yanzu, ƙura ta lafa, Haji ya koma Dubai ɗinsa, akwai sauran nama a jikin itacen da zai isa a sake fitar da wani. Ya auna da igiya ya tabbatar. Bai gaya wa kowa ba, ko Parwara.

A taro na gaba, ba a kira shi ba ya miƙe.

“Ku gafarce ni, dattawa. Ina da tambaya ga Haji.”

“Zauna, Rawan,” in ji Malak.

“Ranka ya daɗe, magana ɗaya ce. Haji, ginshiƙin ne damuwarka ko furen?”

“Ni me itace ya yi mini?” in ji Haji. “Furen gunki ne ba na so a gabana.”

“In babu furen fa?”

“Rawan, na ce ka zauna!”

“In babu furen, shi ke nan, bakina alaikum,” Haji ya faɗa da sauri, kafin tsohon ya sake magana. “Ku shaida, jama'a.”

“To ni zan cire shi da hannuna.”

Aka shafa fatiha. Samari suka zo suna ba shi hannu, abin da ba su taɓa yi ba, wani har ya ce masa Lala, wato babban yaya. Rawan ya koma gida yana jin ya yi wa Haji wayo. Malak Shamroz kuwa ya tashi ya kaɗe mayafinsa ya wuce.

Ya fara da safe, bayan an watse daga asuba. Ya kafa tsani ya hau sama, ya yi bismilla, ya ɗora bakin gizago a kan furen farko. Hannunsa ya ƙi. Ya sauke ya sake ɗorawa. Da ya sara, furen ya ɓallo gaba ɗaya ya faɗi ƙasa ya yi ƙara, kuma inda ya bari fari ne tas. Ƙamshin diyar ya tashi ya cika masallacin kamar jiya aka saro shi daga daji. Wannan ƙamshi ya kusa sauko da shi daga tsanin, don bai zaci itacen yana da sauran rai haka ba.

Aikin ya ci kwanaki. Lokacin salla ya tsaya ya share ɓaraguzai gefe, a yi salla, a fita, ya ci gaba. Da yake shi ne mutum na farko da ya kai fuskarsa kusa da saman tun bayan kakansa mai aikin, ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani. Can kusa da rufi, inda ido ba ya kaiwa, furannin sun fi na ƙasa kyau, tsohon bai yi ha'inci ba ko a inda ya san ba mai dubawa. A wani wuri ƙarfe ya zame masa ya yi tsagi, sai ya bi tsagin ya mayar da shi ganye. Rawan ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Ya yi kuka, kukan gaske, da majina, shi kaɗai a kan tsani, sannan ya share fuska ya sare shi kamar sauran.

Ya yi aikin da kyau, tir da wannan kyau. Da ya gama da gizago ya bi da ƙarfen goge katako har jikin ya yi sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Liman ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce Allah Ya saka masa, idonsa ya kawo ruwa. Sahu ya cike. Nono ya dawo gidan Parwara. Ita dai da ya shigo ranar ƙarshe, gashinsa duk garin katako, kallonsa kawai ta yi ta ajiye masa shayi, ta ce, “Sannu da yanka.”

Sanyi ya zo ya rufe gari. Haji bai koma Dubai ba.

Da ƙanƙara ta narke rufin ya yi yoyo a kusurwar gabas, kamar yadda yake yi kowace shekara, a hau a zuba ƙasa a daddaɓe a manta. Amma bana sai ga Haji da hotonsa a gindin bishiya. Bai ambaci fure ba, bai ambaci gunki ba. Ya ce jama'a sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan, ga yoyo, ga duhu, tsofaffi na tuntuɓe. Ya yi magana a natse kamar mutumin kirki. Rawan yana ƙarshen tabarma yana jiran Malak ya ce muddin yana numfashi. Malak ya zuba taba a leɓe, ya tsura wa ƙasa ido. Sauran tsofaffin suka dubi Malak, suka ga ƙasa yake kallo, su ma suka kalli ƙasa.

“Haji, ka yi alkawari!” Rawan ya ɗaga murya. “A gaban mutanen nan ka ce in babu fure shi ke nan!”

“Na ce ba ni da magana a kan itace, kuma har gobe ba ni da ita. Yau maganar rufi muke yi. Wa ya ba masassaƙi izinin magana ne?”

Aka shafa fatiha a kan za a rushe bayan an gama shuka.

Rawan ya bi Malak har zauren baƙinsa. Tsohon yana zaune a kan gadon igiya ya miƙe ƙafa, bai ce masa ya zauna ba.

“Ranka ya daɗe, kai ka ce muddin kana numfashi.”

“Na faɗa.”

“To ga ka kana numfashi.”

“Sau nawa na ce ka zauna, Rawan?”

“Don in cece shi na yi! Itacen yana nan lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Na auna, akwai kaurin da zan sake fitar da wani furen, wanda ya fi...”

“Wani furen.” Malak ya tofar da tabar a kasko. “Kai a zatonka itace nake karewa? Itace ya cika duniya. Tun ina yaro ubana ke zaunar da ni a gindinsa, in na gaji da karatu in bi furannin da ido har sama. Shi nake kallo in na idar da salla, shi ya sa na tsaya wa Fazal da kuɗinsa da samarinsa, kuma da na ci gaba da tsayawa har a ɗauki gawata. Da gunkinsu da surutunsu duk ba su dame ni ba. Yanzu in na ɗaga kai me nake gani? Gungume. In ce wa mutane su zauna cikin yoyo saboda gungume? Fazal bai iya taɓa shi ba. Kai ka iya.”

Rawan ya juya ya fita.

Ranar rushewa gari ya fito kamar ranar salla. Aka yaye ƙasar rufi, aka sauke katakai, rana ta shiga cikin masallacin a karo na farko. Ginshiƙin ya rage shi kaɗai a tsaye a fili, fari, tsirara. Aka ɗaura masa sarƙa, tarakta ta ja, ya yi gardama kaɗan sannan ya kwanta, ƙasa ta girgiza. Samari suka yi kabbara.

Tun da safe Rawan ya shirya faɗan da zai yi. Ya san za su ce kayan masallaci ne, ba a ba wa kowa. Ya shirya zai ce gumin kakansa ne, zai rantse, zai kwanta a kai in ta kama, sai dai tarakta ta bi ta kansa. Ya ratsa mutane ya tsaya a gaban Haji.

“Ginshiƙin nan nawa ne. Gidana zan kai shi.”

Haji yana duba buhunan siminti, da ƙyar ya waiwayo.

“Wanne? Au, wancan? Ɗauka mana, ka rage mana aiki. Kai direba, ja masa shi zuwa ƙofar gida.”

Rawan ya juya ya dubi jama'a, ya dubi liman, ya dubi tsofaffin da ke jere a inuwa, yana jiran wani ya ce a'a, ba za a ba shi ba, na gari ne. Ya tsaya yana jira har direban ya yi masa hon. Ko mutum ɗaya bai yi masa gardama ba.